Katantanwar Wada Mai Juyin Hagu

A shekarun bayan yaƙin duniya, akwai wani dattijo a unguwar Zahir ta Makka mai suna Tijjani, wanda ke ɗinka katantanwar teku a jikin tandun kwalli da bakin madubi. Makka ba ta da teku. Masu raƙuma ne ke kawo masa su daga Jidda, da sauran gishiri a jikinsu. Sai ya wanke, ya shanya a tabarma, ya huda kowace da basilla. Larabawa suna ce musu sadaf, shi dai katantanwa ya sani.

Kowace katantanwa dama take juyawa, amma yana da guda ɗaya, fara mai ɗigon ja, wadda ta juya hagu. Abokinsa Wada ne ya tsince ta a gaɓar Sawakin ta ƙasar Sudan, lokacin da ya yi wata huɗu yana jiran jirgin ruwa. Wada ya ba shi ita don ya san shi da son baƙon abu. Tijjani bai taɓa huda ta ba. Kullum da hantsi yakan ɗauko ta ya kara a kunne, ya ce har ƙugin cikinta daban ne.

Wada ya rasu bayan aikin hajji, aka binne shi a maƙabartar Ma'ala. Da matarsa Ramlatu ta fita takaba, sai ta shirya bin ayari zuwa gida, wajen 'yarsu Aishatu da suka baro a Gumel tana tatata, shekara goma sha ɗaya ke nan.

Ta zo wa Tijjani sallama da la'asar. Bayan gaisuwa ta kwance bakin mayafinta, ta nuna masa wani ɗan dutse baƙi. A gefen kabarin ta ɗauko shi. Ta ce malamin unguwa ya gaya mata ba a fita da dutse ko ƙasar Harami, abin Harami a Harami yake zama. Ta yarda za ta mayar. Amma Wada bai bar komai ba sai riga biyu, su ma an sadar.

"Baba Tijjani, yarinyar nan ba ta san fuskar ubanta ba. Me zan sa mata a hannu?"

Tijjani ya daɗe yana kallon tabarmarsa. Ya ce ta dawo jibi.

Washegari ya zaɓi tandu mafi laushin fata, ya jera masa ƙananan katantanwa zagaye uku. Sannan ya ɗauko farar, ya kara a kunne na ɗan lokaci, ya ɗora mata basilla a hankali don kada ta tsage. Ba ta tsage ba.

Ramlatu na ganinta a murfin tandun ta gane ta. Ta yi dariya, ta ce ranar da Wada ya tsince ta har ya manta da takalminsa a bakin ruwa.

"Wannan ba 'yar Harami ba ce, Hajiya," in ji Tijjani. "Baƙuwa ce kamarmu, tana iya tafiya. Ki ce wa Aishatu ta duba yadda ta juya."

Da yamma Ramlatu ta mayar da dutsen Ma'ala. Tijjani kuwa ya zazzage sabon buhun katantanwar da aka kawo daga Jidda, ya shiga juya su ɗaya bayan ɗaya. Duk dama suka yi.