Mutumin da ke Tsakiyar Hoto

"Ba zan karanta ba, Yallaɓai."

Darakta ya cire tabarau ya dube ta kamar wanda kujerar ofishinsa ta buɗe baki ta yi magana. Shekara uku ke nan tana aiki a gidan talabijin ɗin. Ita ke tattara saƙonnin masu kallo, ta karanta su a shirin ranar Alhamis, har sunan 'Yar Wasiƙa ya bi ta ya danne nata na gaskiya. An san ta da kafiya, amma ba ta taɓa tsayawa gaban teburinsa ta ce a'a ba.

"Layi biyu ne fa, ƙanwata," ya ce, yana tura mata takardar da ɗan yatsa. "Duk fuskokin da aka nuna a kashi na tara na wasan yaƙi ƙirƙira ce, ba su da alaƙa da wani mai rai ko mamaci. Ki faɗa, ki yi murmushi, ki wuce gaishe-gaishe."

"Ƙarya ce, kuma kai ma ka sani."

Abin ya samo asali ne daga ranar Talata. Wasan yaƙin nan ya riga ya kama gari. Ranar da ake nuna shi, masu shaguna kan ja ƙofa da wuri, masu sayar da littattafai kuwa sun ce tun da suke ba su taɓa ganin ana neman littattafan tarihin soja haka ba. A kashi na tara aka nuna yadda wasu sojoji uku suka sayar da 'yan uwansu ga abokan gaba, aka yi wa rundunar ƙawanya a bakin gada, aka kashe ta kusan duka. Da za a rufe kashin, kyamara ta tsaya a kan allon sanarwa na bariki. An manna wani tsohon hoto baƙi da fari na mutum uku cikin kaki, an rubuta a ƙasa da jan alƙalami: MACIYA AMANA.

Kafin azahar ɗin Laraba saƙonni sun fi ƙarfin wayar ofis. Wani direba ya ce ya jefi talabijin ɗinsa da takalmi. Wata mata ta ce abinci ya ƙi wuce mata wuya. Wani ya rubuto cewa, "Na tsakiyar nan mai gashin baki, da ganin idonsa ka ga mugu, Allah ya isa!" Har an yanko fuskar mutumin ana ta yaɗa ta a wayoyi, kowa na ƙara nasa zagin. 'Yar Wasiƙa tana karantawa tana dariya, don aikin ya yi kyau ke nan.

Tana cikin haka mai gadi ya leƙo ya ce wata tsohuwa na zaune a ɗakin baƙi tun safe, ta ƙi tafiya.

Ta same ta a bakin benci, jikarta budurwa na tsaye a gefe da jajayen idanu. Tsohuwar ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta warware wani ƙyalle, ta fito da hoto cikin firam mai tsagaggen gilashi, ta ɗora wa 'Yar Wasiƙa a cinya.

"'Yar nan, ku ne masu hoton jiya?"

Gashin bakin ne. Idon ne. Har ɗan tabon da ke saman girar hagu. Mutumin da ke tsakiyar hoton jiya ne.

"Mijina ne," tsohuwar ta ce. "Ma'aikacin jinya ne na soja. Ko kaza ba ya iya yankawa, sai ya kira maƙwabci. Ina da cikin uban wannan aka zo aka ce mini ya rasu wajen masu rauni. Shekara hamsin ina riƙe da wannan maganar. Jiya ina zaune a ɗakina, maƙwabta cike, sai ga shi a talabijin an ce ya sayar da mutane."

"Yau da safe," jikar ta ce, "mai kantin layinmu ya ce ashe shi ya sa muke ɓoye tarihin gidanmu."

"Kaka, ki ba ni yini ɗaya," in ji 'Yar Wasiƙa. Ba ta san me za ta yi da yinin ba.

Ta koma kan saƙonnin. Akwai wani tsohon malamin makaranta da ke rubutowa duk mako yana gyara musu kurakurai, yau ya ce maɓallin rigar kaftin ba na zamanin ba ne, gobe ya ce irin bindigar nan ba a ƙera ta ba tukuna. A ofis ana kiransa Sufeto, ba mai karanta saƙonsa har ƙarshe. Ta nemo na wannan makon. Gajere ne: "Hoton da kuka manna yana cikin babban littafin tarihin yaƙin, shafi na ɗari biyu da goma sha biyu. Ku ji tsoron Allah."

Littafin na nan a ɗakin karatu na tashar, a kan kanta ta ƙasa, ƙura ta rufe shi. Ta buɗe shafin, sai ga taga a tsakiyarsa. An yanke hoton da reza, tsaf, kusurwa huɗu. Amma wanda ya yanka ya bar rubutun da ke ƙasa. Ta karanta sau uku a tsaye: ma'aikatan jinya uku da aka umarta su ja da baya, suka ƙi barin masu rauni, aka samu gawarwakinsu a gefen marasa lafiyarsu bayan kwana biyu.

Ta ɗauki littafin ta gangara ɗakin ajiyar kayan wasa. Mai Kaya na zaune cikin bindigogin katako da hulunan ƙarfe na roba, yana shafa wa wata riga jan fenti.

"A'a, manyan gari! Yau kuma a kogonmu?"

Ta buɗe masa shafin a fuska. "Kai ka yanke wannan?"

"Ni ne mana. Ana neman tsohon hoto, saura awa ɗaya a ɗauka. Haka muke yi kullum, taswirar da ke ofishin janar ma daga nan na ciro ta."

"Ka karanta abin da aka rubuta a ƙasa?"

"Haba Malama, ni hoto aka aike ni, ba jarrabawa ba. Na ga na tsakiyar yana da fuskar marasa gaskiya, na ce ya dace." Ya yi dariya, ya ga ita ba ta yi ba. "Mutanen da suka mutu tun kafin a haife mu, wa zai gane su?"

"Matarsa."

Burushin ya tsaya a hannunsa. Fenti ya ɗiga a kan wandonsa bai kula ba.

Duk wannan ta zayyana wa Darakta a safiyar Alhamis ɗin, littafin a buɗe a kan teburinsa. Ya dubi tagar da ke cikin shafin, ya rufe littafin a hankali.

"Na ji, kuma abin bai yi mini daɗi ba. Amma kin san in muka amsa, gobe layi za a yi a ƙofar nan? Saura mutum biyu a hoton, su ma suna da dangi. Masu talla su janye, a dakatar da wasan, mutum nawa ke cin abinci a kansa? Wutar kara ce, ki bar ta ta mutu."

"A gidansu ba ta mutu ba."

"To za mu aika mata da ɗan abin alheri a asirce."

"A bainar jama'a aka zage shi, Yallaɓai. A ba ni minti ɗaya in nuna shafin nan, in ce mun yi kuskure. Ba wanda zai mutu."

"Ke da iliminki, da muryarki, kina da makoma a gidan nan. Kada ki zubar saboda hoto."

"Ilimin ne ya sa na iya karanta abin da ke ƙarƙashinsa."

Ya mayar da tabaransa. "In ba za ki karanta ba, ajiye katin shaidarki."

Ta cire igiyar katin daga wuya. Ta ajiye katin a kan takardar tasa, ta ɗauki littafin. A hanyar fita ta biya ta injin fotokwafi, ta yi kwafin shafin, ta mayar da littafin kantarsa.

Da la'asar tana zaune a falon mahaifiyarta aka fara shirin. Abokiyar aikinta, wadda suke raba teburi ɗaya, ita ta zauna a kujerar, ta karanta layi biyun da murmushi, ta wuce gaishe-gaishe. Ko tuntuɓen harshe ba ta yi ba.

"Yanzu ke da ita wa ya ci riba?" mahaifiyarta ta tambaya. "Kan nan naki na ubanki ne, ko guduma sai ta haƙura."

"Umma, da kin ga tsohuwar."

"Na ga tawa 'yar dai, zaune a gida ranar aiki." Ta miƙo mata mayafi. "Tunda kin fara, tashi ki kai mata takardar."

Gidan na ƙarshen wani lungu, bayan shagon mai gyaran keke. Tsohuwar ta juya takardar a hannu, ta leƙa farin gurbin da ke tsakiya.

"Ina shi?"

"Sun yanke shi, Kaka. Amma ga abin da aka rubuta a kansa."

Jikar ta shiga ɗaki ta ɗauko firam ɗin, ta ɗora shi a kan gurbin. Tsohuwar ta ce, "Ba a nan ba. Mu fita ƙofar gida. Ke kuma, jikata, kira mini mai kanti."

A bakin ƙofa 'Yar Wasiƙa ta ɗaga murya ta faɗi abin da littafin ya ce. Mai kanti ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Mai gyaran keke ya ce a maimaita, ta maimaita. Tsohuwar ba ta yi kuka ba, sai gyara ɗaurin ɗankwalinta da ta yi, tana bin fuskokin maƙwabta da kallo ɗaya bayan ɗaya.

Mutum goma sha ɗaya ne suka ji ta a ranar, ta ƙirga su. Sanarwar tashar kuwa ta shiga kowane gida mai talabijin, kuma har aka gama wasan ba a janye ta ba. 'Yar Wasiƙa ta kai takardunta gidajen talabijin uku da na rediyo biyu, ko'ina labarinta ya riga ta isa: yarinyar nan ba ta jin magana. Wata goma sha huɗu ta yi a gida, kafin ta samu koyarwa a wata ƙaramar makaranta a bayan gari. Aikin da ta yi shekara huɗu tana karatunsa, ba ta sake yin sa ba.