Takalmin Hagu

A kantin maganin da nake aiki babu abin da ba shi da ma'auni. Yaro ɗan shekara biyu rabin cokali, ɗan shekara biyar cokali ɗaya, babba ƙwaya biyu bayan abinci. Shi ya sa da Kirsimeti ta matso na ji haushi ƙwarai, don ba wanda ya taɓa rubutawa a jikin kwali nawa ake kashe wa yarinya 'yar shekara biyar wajen kyauta.

Yarinyar 'yar ƙanwata ce. Muna ce mata Balbela saboda dogayen ƙafafunta. Uwarta ta rasu a watannin baya, ubanta kuwa tun tana ciki ya yi gaba, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Sai aka kawo min ita, ni da ban taɓa haihuwa ba, ko kyanwa ban taɓa kiwo ba. Ta zo da wata 'yar jaka shuɗiya, ta ajiye ta a bakin ƙofa kusa da takalma, can kuma jakar ta zauna. Na kwashe kayana daga durowa guda na ba ta, ko kallonta ba ta yi ba. Kullum da safe sai ta je ta ciro riga daga jakar, in na wanke na goge ta karɓa ta ce na gode, ta mayar ciki ta zuge.

Yayanmu, mai 'ya'ya cike da gida, ya riga ya yanke magana. "In aka shiga sabuwar shekara ba ta saki jiki da ke ba, ki kawo min ita. Yaro cikin yara yake warkewa." Ban yi masa musu ba, don ban saba ba. Amma tun daga ranar, duk sanda na wuce jakar nan sai in tuna maganarsa. Ina son yarinyar, ba na son a ɗauke ta, kuma na ƙudurta a raina cewa Kirsimetin nan ce za ta raba gardama.

To, sai na shiga tambaya. Na fara da mai karɓar kuɗinmu, wadda muke kira Rediyo don ba a kashe ta.

"Albashinki guda, Anti," in ji ta, ko numfashi ba ta ja ba. "Marainiya ce fa. Ki cika mata falo har ta rasa wajen taka ƙafa."

Mai kantin, dattijo ne da ba ya yar da ko robar ɗaure kwali, ya leƙo ta saman gilashinsa. "Abu ɗaya da za ta sa, abu ɗaya da za ta ci. Mu lemo ɗaya ake ba mu, ga mu nan ba mu mutu ba."

"Ba ku mutu ba, Baba, amma har yanzu kuna tuna lemon," in ji Rediyo.

Wata mai tagwaye da ta zo sayen maganin tari ta ce duk abin da na saya kwana kaɗan zai yi a raye, don haka in sayi mai arha guda biyu. Yayanmu ya ce kada in sangarta ta, don in ta koma gidansa ba za a iya mata ba. Wannan maganar ce ta tunzura ni. Ina tashi daga aiki na wuce babban kantin kayan wasa, na sayi keke mai ƙafa uku, ja, da ƙararrawa da ɗan kwando a gaba. Da na ji kuɗinsa sai da na dafa teburin kantin. Na ɓoye shi a ɗakin ajiyarmu na kantin magani, bayan kwalayen auduga.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. A aikinmu ba ka ba mutum magani sai ka tambaye shi me ya sha a baya. Ran nan da safe, tana tsoma burodi a shayi, na ce, "Balbela, bara me Mami ta ba ki da Kirsimeti?"

"Takalmina na hagu."

"Na hagu kawai?"

"Ja."

"Na daman fa?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ina hancinta. "Ai yana nan, Inna."

"To, sai me kuma?"

Ta ajiye burodin, ta shiga lissafi da yatsu. "Cokalina mai kan agwagwa. Da idon Bebi. Da murfin gorata." Tunda ta zo gidana ban taɓa jin ta jera magana mai tsawon wannan ba.

Ranar na wuni ina juya abin a kaina har na kusa ba wani mai ciwon haƙori maganin tsutsar ciki. Ƙanwata ɗinkin labule take yi. Ba mai kuɗi ba ce, amma ba ta kai ga sayen takalmi ƙafa ɗaya ba. Wane kanti ne ma yake sayar da na hagu shi kaɗai? Idon 'yar tsana kuma, a ina ake samunsa? Rediyo ta ce wataƙila yarinyar mafarki ta yi. Ni kuwa na san Balbela ba ta ƙirƙirar zance, zancen ma da ƙyar take yi.

Ran Asabar na bar ta wajen maƙwabciyata, na hau mota zuwa tsohuwar unguwar ƙanwata. A ƙasan benen da ta zauna akwai wata mai kitso, aminiyarta. Na tarar tana tsaga kan wata mata, da matsefi a baki. Bayan mun gaisa, mun yi wa juna ya haƙuri, na gaya mata abin da ya kawo ni. Sai ta cire matsefin ta yi dariya har da hawaye.

"Wayyo Yaya! Ashe ba ta taɓa gaya miki ba? Ai ƙanwar nan taki ɓarauniya ce. In tana shara ta tsinci wani abin yarinyar da ya ɓata, ƙarƙashin gado ko bayan kujera, ba ta ba ta. Sai ta jefa a gwangwani ta yi shiru. Yarinya ta yi kukanta ta gaji ta haƙura. Ran Kirsimeti sai ta naɗe kowanne daban a takarda mai ƙyalli. Ki zo ki ga murna! Takalmin nan fa ya riga ya yi mata kaɗan, amma da shi ta kwana a ƙafa."

"Saboda rashin kuɗi?" na tambaya. Raina ya ɓaci, don da ta buɗe baki ta roƙe ni da na ba ta.

"Da farko dai haka ne, shekarar da kekenta na ɗinki ya lalace. Bara kuwa tana da ɗan abin hannunta, ta haɗa mata da sabuwar 'yar tsana mai gashi. Kin san me yarinyar ta yi? Ta fashe da kuka, wai wannan ba tata ba ce, ta wata yarinya ce da ta ɓatar, tana can tana nema, a mayar mata. Sai da muka kai ta coci muka ba matar fasto, sannan aka samu lafiya."

Na tuna jan keken nan da ƙararrawarsa a bayan auduga, na ji kunya ta rufe ni.

Matar da ake yi wa kitso ta ce daga ƙasa, "Kai, wannan uwa da dabara take."

Mai kitson ta dube ni. Ta daina dariya, ta riƙe silin gashin a hannu ba ta kitsa ba. "Yaya, yarinyar nan fa a wajenta Kirsimeti ba ranar sabon abu ba ce. Rana ce da duk abin da ya tafi yake dawowa gida. Kin ce jakarta tana bakin ƙofa?"

Na ce e. Ta koma kan kitsonta. A mota ina komowa na gane cewa duk watannin nan ba guduna yarinyar take yi ba. Shiri ta yi, tana jiran a zo a ɗauke ta.

Kayan ƙanwata suna saman kabad ɗina a kwalaye, ban taɓa samun ƙarfin zuciyar buɗe su ba. Ranar na sauke su duka. Zare, almakashi, guntayen yadi, takardun asibiti. A cikin akwatin keken ɗinkin, ƙarƙashin wani tsumma mai ƙanshin man keke, na samu gwangwanin madara. Na girgiza shi, ya yi ƙara.

Na zazzage a kan gado. Safa ɗaya mai ratsin kore. Usur na roba. Wani farin dutse sumul. Guntun fensir mai launin ruwan goro, duk an tattaune gindinsa. Ribon, da maɓalli mai siffar kifi. In da a kantinmu ne, duk wannan shara ce, kafin a rufe an zubar. Na zauna ina jujjuya dutsen ina tambayar kaina a ina aka tsince shi, me ya sa shi, wane irin kuka aka yi da ya ɓata. Ban san tarihin ko ɗaya ba. Na sayo takarda mai ƙyalli, abin da na kashe a kansu ke nan, na naɗe su ɗaya bayan ɗaya yadda nake naɗe ƙwayoyi.

Ran Kirsimeti da muka dawo daga coci na jera su a kan tebur. Balbela ta tsaya daga nesa da rigarta ta coci, ta dube su, ta dube ni. Sannan ta matso ta ɗauki mafi ƙanƙanta ta warware.

"Kifi!" ta yi ihu. "Kai, ina ka shiga?"

Haka ta bi su tana gaishe su. Safar ta sha faɗa, don wai 'yar'uwarta ta daɗe tana zaune ita kaɗai. Dutsen ta manna shi a kumatu. Ta ce min sunansa Sanyi, a bakin famfo suka haɗu. Ni ina gefe ina haddacewa kamar ɗalibar da ta makara.

Da ta buɗe na ƙarshe, usur ɗin, ba ta busa ba. Ta duba ƙarƙashin tebur. Ta ɗaga takardun ta kakkaɓe. Sai ta tafi bakin ƙofa, ta miƙe a kan yatsun ƙafa ta buɗe, ta tsaya tana kallon matakala. Ana jin kiɗa daga gidan ƙasa, wani yana hawowa da leda, ya wuce mu zuwa sama. Ta daɗe a tsaye.

"Inna, babu saura?"

"Babu saura, Balbela."

"Mami fa?"

Na yi kwana da kwanaki ina shirya amsa mai laushi, duk ta gudu. Na durƙusa a gabanta. "Mami ba ɓata ta yi ba. Da ɓata ta yi, da na nemo ta ko a ina take. Ta rasu. Ba za ta dawo ba, yau ko wata Kirsimetin." Ina faɗa ina kuka, don ni ma sai a lokacin na ji maganar ta shiga kunnena.

Ba ta yi kuka nan take ba. Ta rufe ƙofar da kanta, ta zo ta zauna a kan ƙafata, ta cusa kai a wuyana, sai can na ji rigata tana jiƙewa. Muka zauna haka a ƙasa kusa da takalma har ƙafata ta yi tsami.

"To wa ya nemo su Kifi?" ta tambaya daga cikin wuyana.

"Mami ce ta nemo, ta ajiye miki. Ni naɗewa kawai na yi."

Ta ja hanci. "Naɗinki bai yi kyau ba."

"Na sani. Zan koya."

Ban yi mata maganar keke ba. Na bar shi sai wata rana da ba Kirsimeti ba, in ce mata sabo ne, ba wanda yake nemansa.

Bayan mun ci abinci ina tattara takardun, sai na ji ƙarar zip. Na leƙa. Balbela ce tsugune gaban jakarta, ta ciro wani ɗan kofin roba mai ruwan ɗorawa da ban taɓa gani ba. Ta lallaɓa kicin da sanɗa, ta kwanta rub da ciki, ta tura shi can bayan firij da dogon hannunta. Da ta miƙe sai muka haɗa ido.

"Ya ɓata," in ji ta.

"Ayya. In duba miki?"

"A'a! Ba yanzu ba, Inna. Sai baɗi."

Ta kakkaɓe gwiwoyinta ta koma wajen su Sanyi, ta hau busa usur har maƙwabta suka buga bango. Wayata tana ta ƙara a kan tebur, yayanmu ne, na bar ta ta gaji don kanta. Na ɗauko gwangwanin madarar na wanke shi, na kife a taga ya bushe.