Dariya a Ɗakin Takaba

Bayan sadakar arba'in ta Muntaka na hau mashin daga Safana zuwa Zakka, in duba matarsa Nazifa, ɗiyar ƙanena, da ke takaba. Na tarar da ita ta rame, ga littattafai shida jere bisa tabarma, duk na wa'azin mutuwa da haƙuri. Masu zuwa gaisuwa ne suka kawo mata.

Raina ya ɓaci. Littattafan masu kyau ne, amma wata huɗu da kwana goma yarinyar nan za ta yi a ɗaki, kullum kabari ake tuna mata?

Na zazzage jakata, littattafai huɗu suka zubo. Shekara talatin na yi ina koyarwa, ba na tafiya hannu rabbana.

"Wannan tarihin garuruwanmu ne, ki karanta da hantsi. Wannan na kiwon awaki ne, tunda ya bar miki bakwai. Wannan labarin matafiya ne, zai kai ki inda ƙafarki ba ta zuwa. Ƙaramin kuwa na barkwanci ne."

"Goggo, dariya a takaba?"

"Kwalliya aka hana ki, da turare, da yawo. Wa ya hana ki dariya?"

Ta buɗe ƙaramin. A shafi na uku dariya ta kuɓuce mata, ta toshe baki da mayafi. Sai ga Inna Tasalla, mahaifiyar mamacin, tsaye bakin ƙofa. Na gyara zama, na shirya faɗa.

Tsohuwar ta tuɓe takalmi, ta zauna gefen tabarma.

"Ɗaga murya, 'yar nan," ta ce. "Ni ma ɗana na rasa."