Ranar da Gariba Ya Zare Wayar Na'ura

Gariba yana aiki ne a ƙarƙashin ƙasa, a wani garejin ajiye motoci a Manhattan, inda mutum zai wuni bai ga rana ba kuma bai ji an kira sunansa ba. Masu motoci su miƙo makulli, su karɓi makulli, idonsu a kan wayarsu. In ya tashi sai ya hau jirgin ƙasa ya koma ɗakinsa a University Heights, ya ɗumama miyar jiya, ya ci a tsaye. Matarsa Damata tana Kumasi, takardun da za su kawo ta sun ƙi fitowa shekara da shekaru. Duk mako rana ɗaya ce bakinsa ke shan iska, ita ce Lahadi.

Ranar Lahadi akwai Abdulai, direban tasi, wanda suka tashi tare a zangon Yeji a bakin tafkin Volta. Abdulai yana da wani ɗan tsohon jirgin ruwa mai inji ɗaya da yake ɗaurewa a City Island. Daga lokacin da sanyi ya saki gari har ya dawo, su biyun nan suna kan ruwa. Su jefa anga, su sa tana a ƙugiya, su zauna baya da baya, kowa da sandar fatsarsa. Kifi kuwa ba ya sauri, kuma wannan ne daɗin abin. A cikin jiran nan aka aurar da 'ya'yan mutane, aka binne matattun zango, aka sake buga tsofaffin wasannin ƙwallo aka gyara inda alƙali ya yi zalunci. Wani lokaci su dawo da kifi huɗu tak, amma Gariba ya koma gida cikinsa wasai.

Sai Abdulai ya sayo na'ura.

Wani ɗan allo ne kamar na talabijin, an manna shi kusa da sitiyari, wai yana ganin ƙarƙashin ruwa. In kifi ya gifta sai ya zana shi, ya kuma yi tsuwa. Gariba ya yi dariya har da riƙe ciki.

“Kyaftin, yanzu kifin ma sai an nuna mana fasfo nasa kafin mu kama?”

Abdulai ya yi murmushi kawai, bai rama ba. Da can kuwa ba a tsokanarsa a kwana lafiya.

Shekara ta zagayo ya ƙaro wani allon mai taswira, wanda ke tuna duk ramin da suka taɓa samun kifi. Bayansa ya kawo mai leƙen dama da hagu. Daga ƙarshe ya ɗaura wani ɗan injin lantarki a goshin jirgin, wanda ke riƙe shi wuri ɗaya ba sai an jefa anga ba. Jirgin da ko fenti mai kyau ba shi da shi ya koma kamar shagon mai gyaran rediyo. Ita kuma tsuwar nan Abdulai ya ƙure mata murya, har masu jiragen da ke nesa suna waiwayowa.

Kifi dai ana samu, ba a musu. Abdulai ya kafa wa allo ido, ya ce “Suna nan, sake!” su saki ƙugiya, su ja, su saki, su ja. Kafin rana ta take tsaka sun kama iyakar abin da doka ta yarda, sai gida. Gariba ya riƙa dawowa ɗakinsa da azahar, da kifin da ya fi ƙarfin firjinsa, da maganar da ya tara tun Litinin tana nan a ƙirjinsa ba a taɓa ta ba. Ya tsani allunan nan tsana mai tsanani. Abin da ya fi ci masa rai shi ne gaisuwarsu ba ta canja ba. Duk Lahadi da safe a bakin gadar ɗaure jirage Abdulai zai riƙe hannunsa, ya kira shi da sunan wasan da ya saba.

“Basarke, ka kwana lafiya?”

“Lafiya lau. Ina gajiya?”

“Ba gajiya.”

“Yaya iyali?”

“Suna lafiya, alhamdu lillahi.”

Har ƙarshenta, ba tuntuɓe. To mutumin da ke gaishe ka haka ba fushi yake da kai ba. Na'ura ce kawai ta shiga tsakani, haka Gariba ya yanke.

A wani mako na ƙarshen zafi Damata ta kira shi. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cikin sanyin murya ta ce ta gaji da zama matar waya, ƙuruciyarta ta tafi a jira, tana roƙonsa don Allah ya sawwaƙe mata. Gariba ya ce to, zai yi tunani. Ya kwana uku yana faka motocin mutane yana manta inda ya sa su. Irin wannan magana ba ta masallaci ba ce, kafin la'asar ta kai kunnen mutanen gida har unguwar Harlem. Mutum ɗaya ne a duk garin nan ya san Damata tun tana tallar kenke, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, a tashar Yeji, kuma abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa.

Saboda haka ranar Lahadi, da Abdulai ya tafi sayo tana a shagon bakin ruwa, Gariba ya durƙusa ya buɗe akwatin batir. Ya san wayar, ja ce mai kauri, ya sha ganin Abdulai yana goge ta kamar ta gado. Ya kwance ta, ya tura ta ƙarƙashin sauran, ya rufe akwatin. Batirin inji daban yake, don haka jirgi ya tashi lafiya lau.

Sai da suka fita daga cikin jiragen da ke ɗaure Abdulai ya danna allo. Shiru. Ya danna na biyu, ya bubbuga na uku da tafin hannu.

“Chale, abokina, machine ya mutu,” ya ce, da ƙarfi fiye da yadda ake bukata. “Mu koma.”

Gariba ya girgiza kai, ya ɗaga tsohuwar angar da ke kwance a gindin kujera ya nuna masa. Abdulai ya dubi angar, ya dubi allunan, kamar wanda aka ce ya tuɓe riga a kasuwa. Daga baya ya kashe inji.

Suka zauna baya da baya kamar da. Ruwa yana lasar gefen jirgi, can nesa ga gadar Throgs Neck motoci suna bi a kanta kamar tururuwa. Gariba ya ji wani daɗi ya ratsa shi. Bai fara da Damata ba, ba a shiga gida ta taga. Ya fara da wata mata da ta zo garejinsu da kare a cikin jaka. Ya koma kan tsadar haya. Ya tuno ranar da kwalekwalen baban Abdulai ya kife da buhunan gishiri.

“Haka ne,” in ji Abdulai.

“Ka tuna abin da tsohon ya ce da ya fito?”

“Haka ne, wallahi.”

Amsar ba ta dace da tambayar ba, amma Gariba ya ce a ransa mutumin yana jimamin na'urarsa ne. Ya gyara murya zai ɗauko maganar da ta kawo shi. Daidai nan wani jirgi mai tura ƙaton jirgin dakon yashi, wanda ya biyo ta bayansu a hanyar manyan jirage, ya danna hon. Ƙara ce wadda ake ji har cikin haƙori. Sandar Gariba ta kusa faɗawa ruwa, tsuntsayen da ke kan tudun duwatsu suka watse gaba ɗaya. Ya waiwaya da sauri.

Abdulai yana zaune yadda yake, yana kallon zarensa. Ko kafaɗarsa ba ta motsa ba.

Gariba ya daɗe yana kallon ƙeyar abokinsa, furfura ta cinye ta. Ya kira shi a hankali, “Abdulai.” Ya ƙara da ƙarfi. Sai da igiyar ruwan babban jirgin ta iso ta girgiza su sannan Abdulai ya ɗago a firgice, ya ga jirgin, ya ga Gariba yana kallonsa, ya yi maza ya ce, “Haka ne.”

Nan komai ya faɗo wa Gariba a lokaci ɗaya. Tsuwar da aka ƙure wa murya. Tsokanar da aka daina ramawa. Rediyon tasi da Abdulai ya daina kunnawa. Gaisuwa kuwa, ai kurma ma zai kai ta ƙarshe, tun suna yara suke yin ta, kowace tambaya ta san amsarta. Ashe shekarun nan mutumin yana zaune a bayansa cikin shiru, kunya ta hana shi faɗa, sai ya sayo abin da zai riƙa kallo don ya sami abin cewa. Tausayi ya kama Gariba, kunya ta biyo baya, a ƙarƙashinsu kuma wani kaɗaici wanda bai taɓa jin irinsa ba ko a cikin garejin.

Dattijon da ya rufe ciwonsa ba a yaye masa zane. Ya taɓa kafaɗarsa, ya nuna akwatin batir, ya durƙusa ya yi ta lalube kamar mai neman abin da bai sani ba. Ya fito da jar wayar ya ɗaga ta sama yana girgiza kai, wai ga ta nan ta kwance da kanta. Ya mayar ya ɗaure tam.

Alluna suka kawo haske ɗaya bayan ɗaya. Fuskar Abdulai ta washe.

“Basarke, kai injiniya ne! Zo ka gani, zo ka gani. Ga su nan a ƙasa, sun taru kamar ranar kasuwar Yeji!”

Gariba ya ɗauko sandarsa ya dawo kusa da sitiyari, ya zauna kafaɗa da kafaɗa da shi. Abdulai yana nuna ɗigo-ɗigon da ke kan allo yana bayani, wannan dutse ne, wannan ciyawa, waɗannan manya ne. Rabon da Gariba ya ji ya yi magana mai tsawo haka har ya manta. Shi dai yana gyaɗa kai sosai yadda za a gani. Suka saki, suka ja, kafin azahar sun cika.

A hanyar dawowa Abdulai yana tuƙi, idonsa a kan taswira. Gariba ya koma baya kusa da inji ya zauna. Ya dubi bayan abokinsa, ya faɗa masa komai. Yadda Damata ta kira, da yadda ba ta ɗaga murya ba, da yadda shi kansa ya san gaskiya ce ta faɗa. Ya ce zai ba ta takardarta. Ya ce yana jin tsoron ranar da wayarsa za ta daina ƙara gaba ɗaya. Har suka shigo cikin jiragen da ke ɗaure bai gama ba, sai ya bar sauran.

A kan gadar jirage Abdulai ya raba kifi, ya tura wa Gariba manyan kamar yadda ya saba. Ya riƙe hannunsa, ya dube shi da fara'a.

“Sai wata Lahadin. In kun yi waya ka gaishe mini da Damata.”

Gariba ya juyo sosai ya fuskance shi don ya ga bakinsa.

“Za ta ji,” ya ce.