Rigar Marigayi a Jikin Talak

Almakashin ya ƙi cin hannun rigar, sai da Zinatu ta take gefe ɗaya da ƙafa ta ja da ƙarfi kafin ya yanke. Rigar aikin mijinta ce, shuɗiya mai kauri da auduga a ciki, irin wadda kamfani yake raba wa masu shiga rami idan ɗari ya shigo. Wata biyar ke nan da rasuwar Hamadi, rigar tana rataye a ƙusa bayan ƙofa. Ta cire ɗaya hannun, ta rage tsawon, ta huda wuri huɗu ta zura igiya, sannan ta fito da ita tsakar gida.

Talak yana kwance jikin katanga, inda rana take fara sauka. Karen makiyaya ne, ja, dogo siriri, gashinsa kamar an aske. Ko da lafiyarsa lau ana iya ƙirga haƙarƙarinsa, balle yau da ya kwana uku bai ci ba. Tari yake yi, idanunsa sun cika da kwantsa. Hamadi ne ya karɓo shi yana ɗan kwikwiyo daga hannun wani makiyayi da fari ya cinye wa dabbobi a filin Talak, shi ya sa sunan ya bi shi. Ta durƙusa ta lulluɓa masa rigar, ta ɗaure igiyoyin a ƙarƙashin cikinsa. Rawar jikinsa tana ratsa yadin har tafin hannunta.

Maƙwabciyarta Mina ta leƙo ta saman katanga. Ita ma farin ne ya koro ta Arlit, kuma Hausarta ba ta raba mace da namiji.

"Zinatu, kai ka sa ma kare riga? Riga ba ya kashe tari. Wuta. A sa ƙarfe ya yi ja, a taɓa shi nan da nan, gefen ƙirji. Haka muke ma raƙumi."

"Raƙuman da kuka yi wa, suna ina?"

"Fari ya kashe su, ba wuta ba."

"To ni ban ga wanda wutar ta tsayar ba. Ciwo ɗaya ya ishe shi, ba sai na ƙara masa ƙuna ba."

Mina ta sauka. Zinatu ta san bakinta ya yi kaifi, amma kafin ta gama tunanin ba da haƙuri sai ga hannu ya sake ɓullowa bisa katanga da ƙaramin kwano, nonon akuya mai ɗumi a ciki.

"In ya ƙi sha, ka maido mini," in ji Mina.

Talak ya sansana, ya kawar da kai.

Abin da ya hana Zinatu barci kwanakin nan ba tarin kaɗai ba ne. Tun da tawaye ya rufe hanya, mota ba ta fita Arlit sai da rakiyar soji, kwambuwa ɗaya, wato jerin motoci, a mako, wani lokaci ma a tsallake. Gobe da asuba akwai fita. Zayyadu, ƙanin Hamadi, yana cikin waɗanda kamfani ya sallama da kasuwar ƙarfen da ake haƙowa ta faɗi, zai kwashe iyalinsa ya koma gida Tasawa, ya kuma kama wa matar yayansa wuri a kamyon, babbar motar kaya, tunda ta fita takaba kuma ba ta da ɗa a garin. Direba ya ce ya yarda da buhu da kaza da tabarma, ban da kare. Zayyadu ya ce abin ai mai sauƙi ne, a kai shi bayan gari a sake shi. Zinatu ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba.

Da hantsi ya yi, rana ta ɗan yi ƙarfi, ta shimfiɗa buhu a cikin baro ta ɗora Talak, ta turo shi waje. Hanyar ofishin likitan dabbobi ta bi ta gaban mai shayi, inda mazan da aka sallama suke yini a kan benci. Hira ta ɗauke da ta iso. Duk cikinsu babu wanda bai sa irin rigar nan ba, kuma sunan Hamadi yana nan a ɗinke da farin zare bisa aljihun ta jikin Talak.

"Inna Zinatu," in ji wani mai furfura, "shi ma an ɗauke shi aiki ne?"

"Gara shi, ba a sallame shi ba," ta ce, ba ta ko rage tafiya ba.

Mushe Jak, wato Malam Jak a bakin masu Faransanci, likitan dabbobin, mutumin Maraɗi ne, Kirista, ya shekara ashirin yana duba akuyoyi da jakunan garin. Ya buɗe bakin Talak ya duba dasashi, ya ɗora kunne a ƙirjinsa, ya matsa cikin a hankali.

"Ku yi masa allurar rigakafi," ta ce. "Ita na zo nema."

Ya nuna mata firjin da ke kusurwa, ƙofarsa a buɗe, takardu jibge a ciki. "Wata biyu ba kananzir, rigakafin duk ya lalace. Wataƙila kwambuwa mai zuwa ta kawo sabo. Ko da ma akwai, Inna, ba a yi wa mai ciwo. Jikinsa yana tsakiyar faɗa, ba a ɗora masa wani."

"Mutane sun ce sanyi ne."

"Sanyi ya buɗe ƙofa ne kawai. Tsutsa ta cinye shi ta ciki, ga yunwa, sai ciwo ya shigo."

Wannan amsar ta yi mata. Lokacin Hamadi ma haka kowa ya ce, sanyi ne ya kama shi, aka yi ta ɗura masa citta da kanumfari. Ita dai ta san shekara goma sha bakwai ya yi yana sauka ƙarƙashin ƙasa, kuma tarin nasa da zafi ya fara.

Mushe Jak ya yi wa karen allura daga wata 'yar kwalba da ya ce ta tumaki ce amma za ta yi, ya ba ta ƙwayar tsutsa a ƙunshe cikin takarda. Ya ce kada ya kwanta a ƙasa, a ɗaga masa shimfiɗa, a tare iska. Ruwan shansa ya zama mai ɗumi. Hanta dafaffiya, ƙwai in an samu, kaɗan-kaɗan sau huɗu a yini, kada a cika masa ciki. Da hantsi a fito da shi rana.

"Wa ya ce ku sa masa riga?"

"Ba kowa."

"Ku bar masa ita. In ya kai kwana goma yana ci, ya tsira."

"In aka sake shi bayan gari fa?"

"Kwana biyu."

"A bisa kamyon?"

"Cikin iskar nan? Ba ya kai Agadas."

Ta biya ta rumfar mahauta. Mahaucin ya kalli baron, ya kalle ta, ya ce mutane suna can suna bin layin taimako tun safe don tiya guda ta dawa, ita kuma tana saya wa kare hanta.

"Hantar da ban saya ba, masu layin kake aika wa?"

Ya ce a'a.

"To auna mini."

La'asar sakaliya ta same ta tana fifita wuta, tukunyar romo tana tafasa. Ta jera bulo huɗu a lungun da ke tsakanin ɗaki da katanga, ta ɗora tsohuwar ƙofa, ta shimfiɗa buhuna, ta kafa tabarma ta gefen da iska take shigowa. Talak yana kwance a kai cikin rigarsa. Sallamar Zayyadu ta zo daga ƙofa, gajeriya, ta wanda ya riga ya ji labari.

Tun tana amarya suke wasan ƙanin miji da matar wa, shi ya ce ta cika gishiri a miya, ita ta ce kansa kamar tulu. Yau ya shigo da rawani da fuskar babban gida. Ya dubi ɗakin, ya ga ba ƙunshi ko ɗaya.

"Yaya, ina kayanki? Kafin magariba ake son kaya a tasha."

"Zauna mana, ƙaramin miji. Ka ji ƙamshi? Na Talak ne, amma zai ishe ku ku biyu."

Bai zauna ba. Idonsa yana kan lungun. "Ashe gaskiya ne. A bakin mai shayi na ji, na ce ƙarya ake miki. Rigar yayana, da sunansa a jiki, a kan kare, a tsakiyar kasuwa."

"Kare ne ke jin sanyi. Yayanka ya daina."

"Kayan mamaci sadaka ake yi da su, a ba mabukaci, lada ya kai masa."

"Wata biyar tana rataye bayan ƙofa. Rana ta uku na fito da ita cikin kayan sadaka, kowa ya ɗauki hula da takalmi ya tsallake ta, wai tari yana zama cikin auduga. Kai ma kana wurin."

"Wannan daban."

"Da yana kwance a ɗakin nan, daga bakin ƙofa kuke gaishe shi, da rawani a hanci. Ban ga laifinku ba, kuna da 'ya'ya. Amma wancan da kake gani a bakin ƙofar yake kwana, in numfashin yayanka ya sarƙe shi yake tashe ni. Ban karanta a ko'ina ba cewa ladan sadaka yana tambayar ƙafa nawa mabukacin yake da ita."

"Ba malama ba ce ke."

"Kai ma ba malami ba ne. Direban injin haƙa ne, shi ma an karɓe makullin."

Zayyadu ya haɗiye wannan da ƙyar. Ya yi tari sau biyu a cikin rawaninsa, ya juya mata baya har ya lafa. Ta san irin tarin. Da ya juyo, muryarsa ta sauka.

"Yaya, garin nan ya mutu. Ba aiki, ba hanya, jiya ma an kama mutane a unguwar dangin su Mina. Me zan ce a gida? Na baro matar Hamadi ita kaɗai saboda kare?"

"Ka ce musu tana jinya. Sun san halina."

"To ba ni rigar. Ko ba komai ta gado ce, ina da haƙƙi a ciki."

Ta ajiye mafici. Ta je lungun ta durƙusa, ta kwance igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ta zare rigar ta miƙa masa. Ya karɓa da yatsa biyu. Ba hannu, ba tsawo, ga huji huɗu, ga jan gashi ya manne a audugar. Nan take jikin Talak ya koma rawa. Zinatu ta warware mayafin ulu da ke kafaɗarta, wanda take sallar asuba da shi tun shigowar ɗari, ta ninka biyu ta naɗe karen, ta cusa gefen a ƙarƙashinsa.

"Wannan nawa ne," ta ce. "Ba mai gado a ciki sai na mutu."

"Haba, Yaya. Da me za ki yi salla?"

"Da zane, kamar uwarka. Kai dai faɗa mini wanda za ka ba sadakar, in san wanda zan yi wa barka."

Ya tsaya da rigar a hannu. Ba ta sawuwa, ba wanda zai karɓa, kuma ba ya iya jefar da sunan yayansa a bola. Daga masallacin unguwa aka fara gyaran lasifika. Ya duba hagu da dama kamar mai neman inda zai ajiye garwashi, daga ƙarshe ya ɗora ta a bakin baro.

"Wurin naki fa? Na riga na yi magana da direba."

"Akwai masu kwana a tasha suna roƙon wuri. Ka ba mai goyo. Idan ɗari ya fita, ya sami rigakafinsa, ka aiko mini da sunan direban da ba ya tsoron kare."

"In ya mutu kafin nan?"

"Sai in zo da wuri."

Ya kai bakin ƙofa ta kira shi. "Zayyadu. In kun isa, ka je asibiti a duba ƙirjin nan. Kada ka yarda a ce maka sanyi ne."

Ya ɗan tsaya, bai juyo ba, ya fita.

Ta sauke tukunyar, ta ɗebi romo a murfin kwano, ta marmasa hanta kaɗan a ciki, ta hura har ya huce daidai yatsa. Ta ajiye a gaban Talak, ta koma gefe ta zauna a kan turmi kamar ba ruwanta, don ta lura ba ya son a tsare shi da ido. Ya daɗe yana kallon murfin. Can ya miƙo dogon wuyansa daga cikin mayafin ya lasa sau ɗaya, ya huta, ya sake lasa.

"Ya ci?" in ji Mina daga bayan katanga.

"Rabi."

"Rabi ba ci ba ne."

"Na yau ne. Gobe ki tatso mini da wuri, kafin motocin su tashi su firgita akuyar."