Fiffiken Dama Guda Biyu

Ashafa da Gwadabe sun shekara bakwai suna haya a ɗaki ɗaya a Panshekara, amma da wuya su ga juna. Dukansu a wata masaƙa suke aiki a Challawa. Ashafa, mutumin Damagaram, yana aikin rana. Gwadabe, Bakano, yana aikin dare. Kafin wannan ya shigo, wancan ya hau kekensa ya tafi. Ranar Lahadi kaɗai suke zama su ci abinci kwano ɗaya, kowa yana kushe garin ɗan'uwansa.

Wata Lahadi a 1979 suka je Bompai, gidan wani injiniya Bature da zai koma ƙasarsu yana sayar da kayansa. Fanka suka je nema. A bayan fankar suka ga kwalaye biyu dogaye, kowanne da hoton jirgin sama. Baturen ya ce ƙananan jirage ne, mutum ke haɗa su da hannunsa, ya tuƙa su daga ƙasa da akwatin rediyo. Na farko yana tafiya a hankali, shi ya dace da ɗan koyo. Na biyu na gwanaye ne, yana alkafura, yana tafiya a kife.

"Ku ɗauki na farko," in ji Baturen.

"Jirgi mai tafiya a miƙe ai kullum yana wucewa ta kanmu, kyauta muke kallo," in ji Gwadabe. "Ba mu mai alkafurar."

Suka dawo da kwali da rediyo, ba fanka.

A cikin kwalin akwai ɗan inji da farfela, da kwalbar gam, da babbar takardar zane, da katako mara nauyi kamar ɓargon kara. Gangar jiki da wutsiya tare suka haɗa su cikin Lahadi uku. Da aka zo kan fukafukai, sai suka raba aiki: kowa ya yi ɗaya a lokacin hutunsa.

A nan aka samu matsala. Takardar ta nuna fiffiken dama da na hagu, kowanne da zanensa. Amma Ashafa da ya zauna ya yi bisimilla, sai ya fara da dama, kamar yadda aka koya masa a cin abinci da sa takalmi. Gwadabe ma gidan tarbiyya ya fito. Kowa ya jera haƙarƙarin fiffikensa, ya manne, ya goge, ya rufe shi da leda ja a sama, fara a ƙasa, ya tura ƙarƙashin gadonsa saboda awakin gidan.

Bayan wata guda suka fito da aikinsu tsakar gida. Suka ajiye gangar jirgin a tabarma. Ashafa ya kawo nasa ta dama. Gwadabe ma ya kawo nasa ta dama. Suka yi karo da ka.

"Ina na hagun?" in ji Ashafa.

"Ni zan tambaye ka. Baƙo ne ke ɗaukar hagu."

"Na girme ka da damina biyu."

"Daminar Damagaram ai rabin damina ce, ba a lissafa ta."

Suka duba kwali, katako ya ƙare. Baturen kuma ya tafi. Magana ta yi tsami, har Gwadabe ya shiga ɗaki ya ƙulle kayansa a zane, ya ce zai ɗauki fiffikensa ya koma wajen yayansa a Bompai. Ashafa kam, jirgin bai dame shi sosai ba. Amma shekara bakwai yana dawowa daga aiki ya tarar an ciko masa randa, kuma bai san wani ba a Kano da zai zaga ya yi dariya.

Mai gidan, Hajiya Indo, tana suyar waina a bakin murhu, duk tana jin su. Ta goge hannu a zane ta zo ta ɗauki fiffike ɗaya, ta duba sama, ta duba ƙasa.

"Ba kun ce a kife yake tafiya ba? To ai cikinsa da bayansa duk ɗaya aka yi su." Ta juya shi kamar waina a tanda, ta ajiye ta hagu. Ya zauna daram.

"Hajiya, Allah ya ƙara muku basira," in ji Ashafa.

"Na wa kuka juya?" in ji Gwadabe.

Nasa ne. Ya miƙa hannu zai karɓe.

"Tsaya, ɗan nan," in ji Hajiya. "Zagayo nan gaban hancin jirgin. Dube shi ido da ido. Ina fiffikenka yake?"

Gwadabe ya duba, ya ɗaga hannunsa ya gwada. "Dama."

"To kai ka riƙa tsayawa a gaba, shi a baya. Kowa nasa na dama. Ku ba ni wuri, wainata na ƙonewa."

Gwadabe ya yarda, amma bai kwance ƙullin kayansa ba. Ya ce sai ya ga yadda abin zai kasance a fili.

Lahadi biyu bayan haka suka kai jirgin wata gona da aka girbe kusa da kogin Challawa, gefe ɗaya ja, gefe ɗaya fari. Tunda Gwadabe a gaba zai tsaya, tuƙi ya faɗa kan Ashafa, wanda bai taɓa tuƙa abin da ya wuce keke ba. Suka ta da inji da kyar. Ya kama kuka kamar an tara sauro dubu a gwangwani.

Gwadabe ya tafi taku talatin ya juyo ya tsaya. Ashafa ya tura sandar rediyo. Jirgi ya taho.

Da farko Gwadabe ya ja da baya a natse. Da ya ga abin ba wasa, ya juya zai gudu, sai ya tuna in ya ba jirgin baya fiffikensa ya koma hagu. Ya sake juyowa. Haka ya riƙa gudu da baya da baya, ya tattare riga, hula ta faɗi, idonsa a kan farfela.

"Kauce, Gwadabe."

"Kai ka kauce da shi. Ni a wurina nake."

Dugadugansa suka bugi kunyar gona, ya faɗi rigingine. Jirgin ya bi ta kan cikinsa ya tashi sama. Ashafa ya ruɗe ya ja sanda har ƙarshe. Jirgin ya yi alkafura ɗaya kyakkyawa, irin ta jikin kwali, ya fara ta biyu, sai wata ɗorawa ta tare shi.

Suka tsince shi a gindin bishiyar. Fiffiken Ashafa ya ragargaje. Na Gwadabe ko ƙwarzane babu, ya dai ɓalle daga jiki. Gwadabe ya ɗauke shi ya karkaɗe, ya juya jan ya koma sama. Ashafa ya dubi hanyar Bompai.

"Ka ga yadda nawa ya riƙe shi a sama?" in ji Gwadabe. "Yanzu saura na hagu. Ga kara nan cike da gona, ka tsinta."

"Kai fa?"

"Ni zan zauna a kanka. Gobe zan roƙi ubangidanmu ya mai da ni aikin rana. Badamagare ba a barinsa da gam shi kaɗai."

Ashafa ya sunkuya ya fara zaɓen kara masu kauri. Gwadabe ya tafi neman hularsa.