Tukunyar Kusurwa a Barandar Anselmo

Ma'aikatan asibiti biyu suna saukowa da Anselmo a kan kujera, don matakalar gidanmu ta yi wa gadon marar lafiya ƙunci, shi kuwa bakinsa bai mutu ba. Da suka iso ƙofata a hawa na biyu, ya cusa mini makulli a hannu.

"Gildo, ruwa da sassafe. A gindi, ba a kan ganye ba. Kana ji na, kurma?"

"Shekarata hamsin da biyar. Ba yau na fara ba ɗoɗɗoya ruwa ba."

"Ita kuma ta kusurwa..." Sai suka rufe masa hanci da baki da robar numfashi, suka yi ƙasa da shi.

Anselmo Traverso tsohon direban jirgin ƙasa ne, shekararsa tamanin da ɗaya. Matarsa Pierina ta rasu shekara shida ke nan. A nan birninmu, Jenowa, kowa na da tukunyar ɗoɗɗoya a taga, amma shi bakwai ya jera a baranda, masu ƙananan ganye. Duk Lahadi gidan kaf sai ya ji ƙarar turminsa na dutse, yana daka ganyen da tafarnuwa da cuku da man zaitun, ya zuba a kan taliya. Mai niƙa da inji, a wurinsa, malalaci ne kuma maƙaryaci. A nan kam ina bayansa.

Washegari na hau barandarsa. Tukwane shida tsaf, gajeru, sun yi dam. Ta bakwai, a kusurwa, ta zabga tsawo ta fitar da fararen furanni. Raina ya ɓaci. Duk garin nan babu wanda bai san ba a barin ɗoɗɗoya ta yi fure ba, don ganyen tauri yake yi, ya yi ɗaci. Na ce tsufa ya kawo masa sakaci, ni kuwa ba na yi wa sakaci uzuri ko mutum ya kai ɗari. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na tsinke da farce, na zuba a shara.

Ran Alhamis na je asibiti duba shi.

"Na gyara maka baranda. Ta kusurwar nan ka bar ta ta lalace, dattijo. Na cire mata furen duka."



"Jaki," ya ce a hankali. "Ta iri ce."

Ya ci gaba:

"Pierina ta zo da irin daga lambun uwarta, ƙulle a hankici, ranar da muka tare. Shekara hamsin da huɗu, kowace shekara tukunya ɗaya muke bari ta yi fure ta bushe. Na bara duk na shuka shi. Ko ƙwara babu a gida."

"Ai da ka faɗa."

"Da roba a bakina?"

"Za ta sake yin wani."

"A ƙarshen Satumba? Sanyi zai riga ta."

"To zan shigar da ita ɗaki."

"Akwai ƙudan zuma a ɗakinka da za su bi furen ya yi iri? Kai da ko mutane ba sa leƙa ka."

Mutumin gadon kusa ya tuntsire da dariya har tari ya sarƙe shi. Ban ba Anselmo haƙuri ba. Ban ga abin da haƙurin zai gyara ba.

Da na koma gida, na sauko da tukunyar na ajiye a tagar kicin ɗina, inda rana ke faɗawa. Da hantsi in buɗe tagar saboda ƙudan zuma, in zauna cikin rigar sanyi, da la'asar in rufe. Bayan mako uku wani ɗan tsinken fure ya fito a reshe ɗaya. Sau biyu kacal na ga ƙudan zuma a kansa.

Na kai masa labari. Lokacin ya zube, muryar sai ka sunkuya kake jin ta.

"Tsawon me?"

"Kamar ɗan ƙaramin yatsa."

"Sa hannuwanka a aljihu, Gildo. Kar ka yi mata gwaninta."

Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan. Ya rasu ranar Talata, farkon Nuwamba, bayan an ba shi abincin rana bai ci ba.

'Yarsa Ornella ta zo daga birnin Torino. Bayan an binne shi ta kwashe kayan ɗakin cikin kwana biyu. Tukwane shidan nan sanyi ya riga ya mai da su baƙi, ta sauke su bakin titi. Na tare ta a matakala na gaya mata abin da na yi, ban rage komai ba.

"Haba Gildo, ganye ne fa. Ni dakakke na kwalba nake saye a kanti."

Na matsa gefe, ta wuce.

A tsakiyar Disamba tsinken ya bushe ya yi ruwan ƙasa. Na ɗauko farin faranti, na murje shi a kai tsakanin yatsu biyu, na busa ƙaiƙayin a hankali. Na sa tabarau, na bi abin da ya rage da bakin allura. Baƙaƙen ɗigo uku, ko ƙwayar gero ta fi su girma. Ɗaya ma ban tabbata ba ko iri ne ko ƙasar tukunya. Na jiƙa kan yatsa da yawu, na ɗauke su duka ukun, na kakkaɓe cikin ambulan.